Ramin Gaban Shagon Tela

Silifa ɗaya ce ta rage a gaban shagon, ta kife a cikin taɓo. Makulli yana nan soke a jikin kwaɗo, ba a kai ga murɗa shi ba. Tun jiya da safe ba wanda ya yarda ya taka wurin, duk da an yanke wutar layin gaba ɗaya.

Sufeton 'yan sandan da ta kira ni ta tsaya a bakin kwalta tana nuna min da biro.

Ta ce, "Telar unguwar ce. An kwana ana ruwa, ta zo buɗe shago da sassafe, ta soka makulli, ta dafa wancan ƙarfen rumfar don kada ta zame a taɓo. Shi ke nan. Ko ƙara ba ta yi ba."

Na ce, "Allah ya jiƙanta." Bakina ne ya faɗa, kamar yadda yake faɗin sannu da aiki.

A kamfanin wuta Kunne ake ce min, saboda abin da nake maƙalawa a kai ina bin titi kamar mai sauraron waƙa. Aikina bin sawun abin da aka binne: waya, bututu, duk abin da mutane suka rufe da ƙasa suka manta. Na ga wanda wuta ta kama a rami, na ga wanda ta jefar. Tun ina komawa gida na kasa cin abinci, har na zo ina ci ina neman ƙari. Ranar ma ba abin da na ji. Na dai lura da silifar, da wani ɗan dashen mangwaro can gefen shagon da aka kewaye da bulo saboda awaki.

Na ce, "Wayar da ke ƙarƙashin nan ce ta ji rauni. Ruwa ya shiga, wuta ta bi jiƙaƙƙiyar ƙasa ta hau ƙarfen. Wani ya tona, ya sare ta, ya rufe ya yi shiru."

"To, su mutanen unguwa sun riga sun gama nasu binciken."

Ta nuna min ƙarshen layin. Wata katafila ce tsaye a bakin ramin magudanar ruwa da ake haƙawa, an farfasa mata gilashi. Matasa sun yi cincirindo a gaban kwantenar 'yan kwangila, 'yan sanda sun tare ƙofa.

"Direban yana ciki. Da safen nan ya dawo ɗaukar jakarsa suka rutsa shi. Mijin marigayiyar ya rantse in rana ta faɗi ban ba su amsa ba, za su ƙona motar. Ni kuwa, Malam Kunne, ban tabbata a kan mota za su tsaya ba."

* * *

Direban yana zaune a kan buhun siminti, leɓensa ya kumbura. Da ya ga rigar kamfani a jikina sai ya miƙe har yana tuntuɓe.

"Yallaɓai, wallahi ban taɓa ta ba. Na san waya. Ina ganin jar ledar nan da ake shimfiɗa mata a sama na kashe mota, na sa leburori suka bi da shebur. Ka je ka duba da idonka. Ina da iyali, yallaɓai, uwata ma ba ta san inda nake ba."

Na ce masa ya zauna. Duk wanda na taɓa tambaya a rayuwata yana da iyali.

Na sauka cikin ramin magudanar. Ga wayar nan ta gitta ramin, baƙa, kaurinta kamar damtsen mutum, an tallafe ta da katako. Na shafa ta daga wannan bango zuwa wancan. Ko ƙwarzane babu. Haƙorin katafila kuwa ba ya yi wa waya ladabi. In ya taɓa ta, makaho ma zai gane.

Na fito na faɗa wa matasan abin da na gani. Wani daga baya ya ɗaga murya.

"Ai dama! Kamfani ba ya kama kamfani."

Sauran suka amsa masa. Ban ji haushi ba. Na gane dai wanke direban ba zai wadatar ba, sai na nuna musu inda aka sari wayar da idanunsu.

* * *

Na bi Sufeto gidan iyayen marigayiyar, don mijin yana can. Tsakar gidan cike yake da kujerun masu gaisuwa, amma rabinsa na shuke-shuke ne: baƙaƙen ledoji jere reras, kowace da ɗan itacenta, lemo da mangwaro da gwaiba. Sana'ar tsohon, mahaifinta, ke nan tun yana saurayi. Shi ke aurar da itatuwa, ya yanko reshen mai zaƙi ya haɗa da tushen mai ƙarfi, ya ɗaure har su zama ɗaya.

Yana zaune a cikinsu a kan ƙaramar kujera, ya ba mutane baya. Hannunsa ne kaɗai ke aiki. Yana naɗa siririyar leda a jikin wani reshe, daga ƙasa zuwa sama, kowane zagaye ya hau rabin na bayansa. Da ya kai ƙarshe bai ƙulla ba, ya cusa bakin ledar ƙarƙashin zagayen ƙarshe ya ja.

Na ce, "Baba, ya haƙuri?"

"Da godiya, ɗana."

Bai juyo ba. Matarsa ta ce min a hankali, "Tun jiya haka yake. Bai ci ba, bai yi kuka ba. Ita kaɗai ce gare mu."

Mijin ya taso, idonsa jajir. Na tambaye shi ko an yi wani aiki a gaban shagon kwanan nan, gini, ko famfo, ko jan waya.

"Ba abin da aka yi! Shekara da shekaru tana buɗe shagon nan lafiya. Sai da suka zo da motarsu suna ƙwaƙule unguwa. Kai kuma ka zo kana tambayata kamar ni na kashe ta."

Na ba shi haƙuri. Na duba fuskokin da ke wurin, kowa ya girgiza kai. Ba a yi aikin komai ba.

* * *

Matar da ke sayar da sabulu da gishiri a shagon da ke kallon na tela ta fara da cewa ita ba ta ga komai ba, ba ta son shiga maganar mutane. Daga nan ta faɗa min wanda ya sayi sabon babur, da wadda ta yi yaji, da wanda ke zubar da shara a kwata.

"Kuma ni ban ce shi ba ne fa, amma mai gyaran famfo ya yi haƙa a nan. Ranar da aka wuni ba wuta. Kowa yana waje yana fifita, shi yana ta sara da diga kamar an aiko shi."

Mun same shi a bayan shagon aski yana wanke hannu. Da ya ga Sufeto sai ya sha jinin jikinsa.

"Ni? Haƙa? Ranki ya daɗe, rabona da diga har na manta."

Na ce, "To, wa ya binne bututun da ke kawo wa mai aski ruwa?"

Ya kalli bututun, ya kalle ni, ya fara rantse-rantse. A ƙarshe ya amsa cewa shi ya jawo ruwan ba da sanin masu ruwa ba, abin da ya sa yake ɓoyewa ke nan. Ya roƙi Sufeto ta rufa masa asiri.

Sawun aikinsa ba ya buƙatar na'ura. Doguwar tsaga ce da ta lotsa a tsakiya, takardun siminti da ɓaraguzan bulo suna leƙowa. Na soka shebur, ko rabinsa bai nutse ba na ji bututu. Wayar wuta tana can ƙasa da nisa. Ragwancinsa ne ya cece shi, ban taɓa ganin lalaci ya yi wa mutum rana irin haka ba.

Sufeto ta kalli sama. Rana ta karkata. Daga ƙarshen layin ana jin wani yana buga jarka.

* * *

Na jona na'urata a akwatin wutar layin, na sa abin kunnena, na fara bin wayar a hankali. In waya lafiyarta ƙalau, ƙarar da nake ji miƙaƙƙiya ce. Na wuce ramin katafila, tana nan daidai. Na wuce tsagar mai famfo, ba ta canza ba. Sai da na zo dab da ƙarfen rumfar tela ƙarar ta dusashe, kamar an toshe mata baki.

Na cire abin kunnen na duba ƙasa. Ba alamar an taɓa wurin. Ba tudu, ba kwari. Na durƙusa, sai na ga ciyawar wurin ta fi ta kewayenta kore, kuma koren a zagaye yake kamar faifai.

Magina rami mai kusurwa suke haƙawa. Masu famfo dogo suke ja. In sun gama su tura ƙasar yadda ta zo, ta sama a ƙasa, ta ƙasa a sama, su taka sau ɗaya su tafi. Wannan ramin zagayayye ne. Na sa hannu na ɗaga ciyawar, ta taso da saiwarta a dunƙule. An yanke ta ne an ajiye gefe, aka mayar da ita mazauninta. Ƙarƙashinta baƙar ƙasa ce mai laushi, da ɗan taki a ciki. Jar ƙasar tana can ƙasa inda Allah ya ajiye ta. Wanda ya rufe ramin nan ba ɓoye laifi yake yi ba, girmama ƙasa yake yi.

Na ci gaba da tonawa. Na tarar da jar ledar gargaɗi, diga ta tsaga ta, amma an miƙar da ita an shimfiɗa. Na share ƙasar da ke kan wayar da tafin hannuna.

An naɗe ta da siririyar leda, daga ƙasa zuwa sama, kowane zagaye ya hau rabin na bayansa. Babu ƙulli. An cusa bakin ledar ƙarƙashin zagayen ƙarshe an ja.

Na daɗe a durƙushe. Sufeto ta leƙo ta ɗauki hoto.

Ta ce, "Wannan ai aikin gwani ne."

"Shi ne matsalar, ranki ya daɗe. Da ɗaurin banza aka yi mata, ana kawo wuta damshi zai shiga, ta buga, fis ya ƙone a akwati, mu zo mu gyara tun ranar. Wannan ya riƙe. Ya riƙe har ruwan sama ya samu hanya kaɗan kaɗan, wutar ta riƙa zurarewa ba tare da ta ƙona fis ba."

"Wa zai yi irin wannan ɗaurin?"

Na kalli ɗan dashen mangwaron da ke gefen shagon a cikin bulonsa. Ta bi idona. Na ga lokacin da ta gane, don biron hannunta ya faɗi cikin taɓo ba ta ɗauka ba.

Ɗazu na tambayi mutanen gidan ko an yi gini, ko famfo, ko jan waya. Ba wanda ke lissafa dasa itace a cikin aikin haƙa. Ni ma ban lissafa ba.

Ta ce, "Ba yadda za a yi a rufe maganar?"

Na ce, "Akwai mutum a cikin kwantena."

Na ƙara da cewa zan nuna musu wayar, ba zan kira sunan kowa ba. Na ɗauko zarto na yanko guntun.

* * *

Ta tara su a gaban shagon. An fito da direban tsakanin 'yan sanda. Mai famfo ya raɓe a bayan mai sabulu. Mijin ya zo da jarkar fetur a hannu, matasa na biye da shi. Ban so a kira iyayen ba, amma labari ya riga ni. Sai ga tsohon tafe a hankali, matarsa na riƙe da gefen rigarsa.

Na nuna musu ramin. Na ce ga inda aka sari wayar, ku duba nisansa da inda katafila ta tsaya. Na ce sarar diga ce, guda ɗaya, ƙarama. Na ɗora guntun wayar a kan bulo kowa ya gani.

"Direban nan bai taɓa zuwa nan ba. Ku sake shi ya tafi gida."

Mijin ya ce, "To wa ya zo? Kai da ka san komai, faɗa mana. In ba shi ba ne, wane ne?"

Idanu suka koma kan mai famfo. Ya fara salati da ƙarfi. Na ce ba shi ba ne.

"Ba wannan ba, ba wancan ba. Aljani ne ya tona? Wallahi ba mai barin nan sai na ji suna!"

Na sa a raina ko za su dake ni ba zan faɗa ba. Ba tausayi ba ne, ban ji tausayi ba a lokacin. Bakina ne kawai ya ƙi buɗuwa.

Tsohon ya saki hannun matarsa ya matso. Ya sunkuya kan guntun wayar, ya bi ledar da babban yatsansa har ƙarshe, ya taɓa inda aka cusa bakinta.

Ya ce, "Wannan ai ɗaurina ne."

Ya faɗa ne kamar wanda ya ga akuyarsa a garken wani. Ya ɗago yana duban mutane.

"Ni na ɗaure ta. Rana ce ke damun yarinyar, da yamma tana dukan keken ɗinkinta. Na ce bari na dasa mata inuwa. Na fara tonawa a nan, diga ta taɓa wannan abin. Na sa hannu na taɓa shi, sanyi ƙalau, ba komai a cikinsa. Na ce tsohuwar waya ce. Fatar kawai na ƙwarzane. Na ɗaure mata ciwon kada ruwa ya shiga, na rufe, na matsa can na dasa."

Mai sabulu ta ce a hankali, "Ranar ba wuta."

Tsohon ya kalle ta. Ya kalli ramin, ya kalli ƙarfen rumfar da ke gefensa, ya kalli silifar. Na ga maganar tana tafiya a fuskarsa, a hankali, har ta isa inda za ta.

Mijin ya ce, "Baba." Ya ajiye jarkar a ƙasa kamar ta yi masa nauyi, ya zauna a bakin kwata ya rufe kansa da hannuwa.

Matar tsohon ba ta yi kuka ba. Ta je ta ɗauko silifar daga taɓon, ta goge ta da gefen mayafinta, ta riƙe.

Matasan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon wani. Direban ya tsaya bai san ko an sallame shi ba, har sai da Sufeto ta yi masa alama da kai. Ya yi taku kaɗan, ya dawo ya durƙusa a gaban tsohon ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Baba." Sannan ya tafi, bai ko waiwayi jakarsa ba.

* * *

Sufeto ta ce wa tsohon gobe in ya samu sarari ya zo ofis su yi magana, ba gaggawa. Ya ce to. Na fara naɗe wayoyin na'urata ina zubawa a jaka. Ina jin sa tsaye a bayana.

"Ɗana."

"Na'am, Baba."

"Kai ka san aikin nan. Ɗaurin nawa ne bai yi kyau ba? Sako-sako na yi?"

Na ce, "A'a, Baba. Ban taɓa ganin ɗauri mai kyansa ba."

Ya gyaɗa kai.

"To, da ban ɗaure ba fa? Da na bar ta haka?"

Shekarun da na yi a aikin nan ban taɓa yi wa kowa ƙarya a kan abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba. Sufeto tana tsaye kusa, ta san amsar, ta juya mana baya.

Na ce, "Duk ɗaya ne, Baba. Da ka ɗaure da ba ka ɗaure ba."

Ya dube ni sosai, irin duban da yake yi wa reshe kafin ya yanka. Ya ɗora hannunsa a kafaɗata, hannun da aiki ya yi wa kanta.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Amma ba ka iya ƙarya ba."

Nan ne abin ya same ni. Na zauna a kan jakar. Tausayi ne, na gane shi, duk da rabona da shi ya yi nisa.

Shi kuwa ya wuce ni. Ya je famfon mai aski ya tari ruwa a wani tsohon gwangwani, ya dawo ya tsuguna a gaban ɗan mangwaron, yana zuba masa kaɗan kaɗan don kada ƙasar ta zaizaye.